Buhu Biyu Daga Gayaunar Yaya Bello

Jiya da la'asar ina zaune bakin shagon caji ina jiran kwamfutata ta ɗauki wuta, sai ga wata babbar mota ta hawo daga hanyar fadama, an lafta mata albasa har tana rangaji. Tana wucewa warin ya buge ni. Ga azumi a baki, ga rana awa za ta faɗo bisa kai. Wallahi abin da ya taso mini ba yunwa ba ce. Kunya ce, wadda na zaci ta kwanta tuntuni. In dai na shaƙi warin sabuwar albasa ina ɗauke da azumi, sai wancan azumin ya dawo mini, na shekarar da na fara aiki.

Sunana Nafi'u, nan Wurno anka haife ni. Ba wanda ya koya mini kodin, wato rubuta ma kwamfuta umarnin da za ta bi ta gina shafin intanet. Da wata waya mai tsagaggen gilashi na fara, ina kallon bidiyon masu koyarwa, ina tsayarwa, ina maimaitawa. Ranar da na rubuta 'yan layuka na danna, sai ga sunana ya fito da koren launi tsakiyar allo, na yi tsalle har na kusa kifar da furar Inna. Kai jama'a, abin nan da daɗi! Ka rubuta abu da yatsanka, ya tashi ya yi aiki, ba ruwanshi da ko ɗan wane kake. Har yau in na gyara kuskuren da ya hana ni sakat, ji nake awa an yi mini bushara. Wanga ban taɓa jin kunyarshi ba.

Abin kunyar daga bakina ya fara. Masu bidiyon nan kullum maganarsu guda: ka koyi kodin, ka zauna ɗakinka, a biya ka da dala. Ni kuwa ba na iya riƙe magana. Majalisar ƙofar masallaci na faɗa, wurin mai shayi na faɗa, har matan da ke zuwa daka gidanmu sun san dala saboda ni. Baba ya saurara ya saurara, ranar nan ya kai ragon da Inna ke kiwo kasuwa, ya sa anka sawo mini tsohuwar kwamfuta daga Sakkwato. Batirinta kafin kunu ya huce ya mutu, amma a idona ba ta da na biyu.

Kawu Sahabi, ƙanen Inna da ke fataucin hatsi a Gandi, da ya ji labari cewa ya yi, "Rago sukutum a ba da a amso talabijin da ba ta nuna komi? Malam Umaru, kai ma ka biye ma yaro?"

Baba ya ce, "Sahabi, bari ka gani."

Neman aikin kuwa ba wanda ya gaya mini haka yake. Duk inda na tura, ko su yi shiru, ko su ce digiri, ko su ce shekarun gogewa, ko su ce sai mai wutar da ba ta ɗaukewa. Mu da muke ganin wuta awa baƙon da ya ɓata hanya. Ana gab da azumi wani tsohon malaminmu ya haɗa ni da abokinshi, mai ɗan kamfani a birnin Sakkwato, suna gina ma makarantu da shaguna shafi. Mutumin ya kira ni, ya gwada ni, ya ce na iya. Ya ce daga gida zan riƙa yi, kuma ƙarshen wata za su riƙa ba ni wani abu.

Wani abu. Ban tambayi ko nawa ne ba. In kai ba ɗan nan ba ne za ka ce wauta ce, amma ka duba: mutum ya girme ni, malamina ne ya roƙa mini, ya yi mini alfarma, sa'an nan in buɗe baki in ce nawa, awa ina cinikin akuya? Harshena bai ɗauka. Da na gaya ma Baba ma cewa ya yi, "Ka yi daidai. Ɗan mutunci ba shi tambayar kuɗi ranar farko." To da yake ban san adadin ba, sai kowa ya cike gurbin da dalar da na daɗe ina shela.

Azumin shekarar nan ya zo da zafi irin wanda tsofaffi ke cewa sun daɗe ba su gani ba. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa. Ruwan randa da kanshi ɗumi yake yi. Kuma daidai lokacin albasa ta nuna, ganyenta ya kwanta, ba ta jiran kowa.

Ana gama sahur, a yi asuba, sai gidan ya watse fadama. Baba a gaba da sandarshi, Yaya Bello, wana, ɗauke da buhuna bisa kai. A bi fangali fangali, wato kwamin da anka shuka albasar, ana cira, ana tarawa, wasu na bi da wuƙa suna yanke lawashi, wato ganyen. Ruwan albasar ya shiga ido, zufa ta bi shi, ba ka iya gogewa don hannun ma albasa ne. Mata da 'yan mata su kwashe lawashin su kai gida, a daka, a dunƙula, a shanya ya zama gabu na miya. Gidanmu duk katanga gabu, duk rufin ɗaki gabu. In rana ta take tsaka ba mai iya komi. Maza su gangara magudanar ruwan da ke zuwa daga madatsar Goronyo, su jiƙa riga su maida jiki, suna kame baki kada ɗigo ya wuce. Sai su kwanta ƙarƙashin inuwar zana shiru, ba mai ƙarfin ko gardama. La'asar ta yi a tashi a hau zaɓe: manya gefe, ƙanana gefe, mai rauni a fitar don kada ta ruɓar da sauran.

Lokacin cira albasa ba ta da daraja. Kowa ya kawo, dillalai na taya ta awa suna yi maka alfarma. Shi ya sa mai hali ba ya saidawa. Sai ya ɗaura rudu, wata 'yar rumfar kara da anka ɗaga daga ƙasa anka rufe da ciyawa, ya zuba albasarshi ciki iska na ratsa ta, ya jira sai ta yi tsada. Wanda ya saida da cira, kowa ya san matsuwa ce ta kai shi.

Ban da gonar gandu da muke ci gaba ɗaya, Yaya Bello na da gayaunarshi, ɗan yankin da Baba ya yankar mishi, abin da ya fito nashi ne shi kaɗai. Shekarar nan ta yi kyau ƙwarai. Da hannunshi ya ɗaura rudunshi, kullum sai ya zagaya shi ya daddafa. Burinshi guda ne, in albasa ta yi tsada ya sayi injin ban ruwa nashi na kanshi, ya huta da haya da jiran sai mai inji ya gama.

Ni fa? Baba ya ɗauke mini zuwa fadama. Ya ce ma'aikaci ne ni yanzu. Sai in saɓi kwamfuta in tafi gindin wani bedi, wato dogon yaro, bayan makarantar firamare, don nan kaɗai sabis ke kamawa sosai. Masu wucewa da jakai su ɗaga murya, "Injiniya! A gaida Turawa!" Ni kuma in washe baki. Aikin da nike yi kuwa, in sauya hoton shugaban wata makaranta don ya ce wancan ya sa shi tsufa, in gyara maɓallin da ya ƙi dannuwa, batir ya mutu in ruga shagon caji. Oga, mai kamfanin, na iya kira kowane lokaci, ko ana kiran sallah. Data kuma awa ana zuba ruwa a rariya. In ta ƙare, Inna ta kwance bakin zane ta ba ni daga kuɗin gabunta.

Gidan ba wadata. Kuɗin duk sun tafi ga mai da taki da hayar inji. Kunun tsamiyarmu sukari sai dai a nuna mishi. Ƙanƙara ba kullum ba, in an sawo ɗan dunƙule a jefa a babban kwano kowa ya kurɓa ya miƙa. Amma duk shan ruwa sai Inna ta ware mini ƙosai mafi girma. "Aikin ƙwaƙwalwa ya hi cin jiki," in ji ta. Yaya Bello na gefe, leɓɓanshi sun tsage, wuyanshi ya yi baƙi ƙirin, sai ya yi dariya ya ce, "Ci abinka, Injiniya. In dala ta zo ka tuna da mu." Ni kuma in ci. Wallahi ina ci.

To, a wajenmu akwai al'ada. Albashin farko ba naka ba ne. Za ka kawo shi dungum ka aje gaban mahaifinka, shi kuma ya kira manyan dangi ya rarraba musu, kowa ya taɓa, ya sa maka albarka. Ko tsinke ba ka saye da shi kafin nan. Wata na gab da ƙarewa, Baba ya aika Magarya a gaya ma yayarshi Goggo Kulu, tsohuwar da idonta ya yi yana, ta zo shan ruwa ranar Juma'a. Ya kuma aika Gandi a gaya ma Kawu Sahabi. Na lura saƙon Kawu har sau biyu ya maimaita ma ɗan aiken.

Ana saura kwana biyu kuɗin sunka shigo. Ina gindin bedin nan da azahar waya ta yi ƙara. Na duba. Na goge gilashin da riga na sake dubawa, don tsagar ta bi ta kan lambar, na ce ko ta ɓoye wani sifiri. Ba ta ɓoye komi ba. Abin da ya shigo bai kai kuɗin buhun albasa guda ba, a wanga lokaci da albasa ba ta da daraja. In na cire data da caji na wata mai zuwa, saura ko kwalin sukari ba ya saye. Oga har da turo saƙo, wai in ƙara himma, masu neman gurbin nan suna da yawa.

Ban iya komawa gida ba. Ƙafata ta ja ni fadama, na samu bayan rudun Yaya Bello na tsuguna. Can sai ga shi da igiya a hannu.

"A'a, Injiniya, yau Turawa sun ba da hutu?" Ya dube ni da kyau, dariyar ta ɗauke. "Mi ya hwaru?"

Na miƙa mishi wayar. Ya kare ta da tafin hannu saboda rana, ya daɗe shina kallo.

"Wanga na yini na, ko na sati?"

"Na wata ne, Yaya."

"Wata dut?"

Na ɗaga kai. Ya miƙo mini wayar a hankali awa ƙwai. Ya zauna kusa da ni, ƙudaje na bin mu.

Na ce, "Zan gaya ma Baba gaskiya. A aika a ce su Goggo kada su zo."

"A aika a ce ma Kawu Sahabi mi?" Ya tsinke wani kara ya jefar. "Kana son tsohon nan ya kasa hita masallaci? Rago ya saida saboda kai. Gaban mutane yac ce bari ka gani."

"To ya zan yi?"

"Tashi ka tahi gida. Ka wanke ido kada Inna ta gane."

Washegari bai je cira ba, ya ce ma Baba zai kai babur gyara. Da la'asar na zagaya wajen rudunshi, na ga gefe guda ya faɗa, ciyawar ta lotsa. Buhu biyu ya ɗiba, cikin zaɓaɓɓun, manyan nan da ya ware da hannunshi. Ya kai ma dillalai sunka taya yadda sunka ga dama, ya sallama. Bayan ya dawo ya ja ni zaure ya cusa mini kuɗi a aljihu, an naɗe su da roba, sun yi laushi don shan hannu.

"Yaya, injinka fa?"

"Injin gudu zai yi? Haɗa da naka ka kai ma Baba. In ka buɗe baki ni da kai ne."

Ya kamata in ƙi karɓa. Na sha faɗa ma kaina haka. Amma hannuna na kan aljihun, kuma ban fitar da su ba.

Ranar Juma'a Inna ta yi abin da ba ta yi ba duk azumin. Sukari sosai a kunu, ƙanƙara har dunƙule biyu, an yanka zakara. An shimfiɗa tabarmi tsakar gida, ƙasa na ta fitar da zafin da ta sha. Anka sha ruwa, anka yi magariba, sai Baba ya gyara zama ya ce, "Nafi'u, bismilla."

Na durƙusa na aje kuɗin gabanshi. Ya cire robar, ya ɗan juya su, na ga kafaɗarshi ta sauka awa wanda anka sauke ma kaya. Bai dube ni ba, Kawu ya duba.

"Sahabi, ga talabijin ta fara nuna hoto."

Kawu ya yi dariya har da tafi. "Na amsa, Malam Umaru, na amsa! Ashe yaron da gaskiyarshi. Zaune cikin inuwa, ba taki ba mai!" Ya karɓi rabonshi ya sa aljihu, sai ya juya wajen Yaya Bello da ke bakin turmi shina shan kunu. "Kai kuma Bello kana gani? Ƙanenka ya tsere ma. Kai kana nan kana hwama da albasa, ka koma awa gawayi. Ka roƙe shi ya koya ma ko danna abin nan."

Yaya Bello ya ce, "Ai Kawu kan nan nawa ya riga ya bushe," ya ci gaba da shan kununshi.

Na so ƙasa ta tsage. Kaina na sunkuye, ina kallon saƙar tabarma.

Baba ya ware na Inna, ya ware na liman, sa'an nan ya sa na Goggo Kulu a tafin hannunta. Ita da yake ba ta gani sosai, komi anka ba ta sai ta shafa. Ta shafa takardun ɗaya ɗaya. Sai ta kai su hanci. Ta sake kaiwa.

"Ikon Allah," ta ce. "Kuɗin na'ura ma warin albasa su kai?"

Ludayin Inna ya tsaya cikin kwano. Kawu ne ya ce, "Haba Goggo, garin dut warin albasa shi kai yanzu. Ko rigata shinshina ki ji."

"Haka na," in ji Goggo. "Haka na, Sahabi." Ta ƙulle kuɗin a bakin zanenta, ba gaggawa. "Nafi'u, matso in sa ma albarka."

Na ja gwiwa na matsa. Ta ɗora hannunta na dama bisa kaina. Sai ta miƙa na hagu cikin iska tana lalube.

"Ina Bello? Bello, taho nan."

"Goggo, ai ba ni na ba, Nafi'u na."

"Na san wa nika kira. Taho."

Ya aje kwanon ya zo ya durƙusa gefena, kafaɗarshi na gogar tawa. Ta ɗora mishi hannu. Ta yi addu'a mai tsawo, ba ta ambaci aiki ba, ba ta ambaci gona ba, cewa kawai take Allah Shi rufa asirin wanda ya rufa asirin wani, Allah Shi bar ku tare. Muna ta amin. Da na saci kallo, na ga Baba ba mu yake kallo ba, ya ƙura ma robar da ya cire daga kuɗin ido, shina juya ta a yatsa. Har yau bai taɓa ce mini komi a kai ba. Amma washegari da asuba, da za a fita fadama, ya tsaya ƙofar ɗakina ya ce, "In aikin naka ba na sahe ba na, taho ka kama muna." Na fito da gudu, ko silifa ban tsaya nema ba.

Albasa ta yi tsada shekarar nan, tsada mai kyau. Abin da ya rage a rudun Yaya Bello bai kai kuɗin inji ba, kaɗan ya rage. Sai da ya ƙara shekara guda shina haya, shina jiran mai inji ya gama.

Yanzu na bar wancan kamfanin. Ina samun aiki nan da can, mai shago a Rabah, wata makaranta a Goronyo, wani lokaci har daga nesa. Wani watan a samu, wani watan ko ƙarar waya babu. Dalar dai har yau a bidiyo nike ganinta. Da safe ina fadama, da rana ina gindin bedi, kuma yanzu ba ni kaɗai ba ne, samari kan zo su zagaye ni in nuna musu yadda suna ke fitowa da koren launi. Ina nuna musu da duk zuciyata, don abin nan wallahi da daɗi. In sunka tambaye ni ko gaskiya ne ana biya da dala, sai in ce su matso mu gama wanga layin tukuna.

Sallar bara na je Magarya gaida Goggo Kulu. Na gama wani aiki an biya ni, na ciro ɗan abin da ya samu na sa mata a hannu. Ta shafa. Ina kallo ta kai hanci, awa ranar nan.

Ta daɗe tana shinshinawa, sa'an nan ta ce, "Wanga ba shi warin komi." Ta ƙulle a bakin zane. "Kaɗan na, amma naka na."

Na ce, "Eh, Goggo." Kaina na ƙasa, ban iya ɗagowa ba.